Yadda Ake Zaunar da Office Biyu a Kwamfuta Ɗaya Ba Tare da Sun Yi Faɗa Ba

Duk mai shagon buga takardu a Maradi, ko a bakin babbar kasuwa yake ko a hanyar Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ya san fayilolin da ake kawo masa ba gidansu ɗaya ba. Ɗalibi ya rubuta kundin kammala karatunsa a kwamfutar gwanjo mai Office 2007. Wata ƙungiya ta aiko da jadawalin Excel da aka tsara a Yamai da Microsoft 365. Ɗan kasuwa ya shigo da takardar kaya da aka buga masa a Katsina ko Kano. Dukansu kuma a injin ɗaya za su bi su fito, kowa yana son tasa ta fito yadda ya bar ta, layi bai gusa ba, shafi bai ƙaru ba. Daga nan ne tunanin ajiye tsohon Microsoft Office da sabo tare yake zuwa.

Yana yiwuwa. Sai dai kamfanin Microsoft da kansa ba ya ƙarfafa yin haka, kuma ba kowane biyu ne ke zama tare ba. Aikin yana da tsari, wanda ya tsallake shi zai wuni yana girkawa yana gogewa.

Ka fara tambayar kanka: lallai biyun nake buƙata?

A ganina rabin masu neman Office biyu, ɗaya ya ishe su. Wanda dalilinsa shi ne yana son ɗaya na Faransanci ɗaya na Ingilishi, ba ya buƙatar girka komai sau biyu: harshen fuskar manhajar ana ƙara shi ana sauya shi daga Fichier, Options, Langue. Lissafin Excel ma da kansa yake juyawa. Abin da ɗan Kano ya rubuta SUM, kai za ka gan shi SOMME. Waƙafi da aya-da-waƙafin da ke rikita mutane a cikin lissafi kuwa, ba Office ne ke yanke hukuncinsu ba, saitin yanki na Windows ne. Haka wanda takarda kawai ake kawo masa ya buga ba tare da gyara ba, maganinsa shi ne ya koya wa abokan cinikinsa su riƙa kawo PDF.

Amma akwai dalilai na gaske. Picture Manager, wanda masu rage girman hoton fasfo suka saba da shi, daga Office 2010 ya tsaya. 2013 bai zo da shi ba. Publisher, da ake tsara katin biki da na suna da shi, babu shi cikin Office 2024, kuma Microsoft ta sanar cewa a Oktoban 2026 za ta janye hannu daga gare shi. Access 2013 da na bayansa ba sa buɗe rumbun bayanan da aka ajiye a tsarin Access 97, kuma akwai ofisoshi da kantunan magani da har yanzu lissafinsu ke cikin tsofaffin fayiloli masu macro, wato ƴan umarnin da ke yin aiki da kansu, da wani ya rubuta shekaru da suka wuce ya tafi abinsa. Ta ɗaya ɓangaren, sabon ma dole ne: RECHERCHEX, wato XLOOKUP, lissafin Excel na nemo bayani a jadawali, sai a Office 2021 da Microsoft 365 zuwa gaba. Ka buɗe irin wannan jadawali a 2016 ko 2019, za ka ga _xlfn a gaban lissafin, da zarar ya sake lissafawa kuma sai #NOM? ta cika gidajen. Malamin da ke koyar da kwamfuta shi ma yana da hujja, don ɗalibansa za su koma gida ne su tarar da tsohon tsari.

In dalilinka na cikin waɗannan, mu ci gaba.

Mataki na ɗaya: san abin da ke cikin injin

Abu uku za ka rubuta a takarda kafin ka taɓa komai.

Na farko lambar zubi. Sunan shekara da ke jikin kwali ba shi ne Windows ke dubawa ba, akwai lamba ta ciki. Office 2003 shi ne 11, 2007 shi ne 12, 2010 shi ne 14, 2013 shi ne 15. Daga 2016 lambar ta tsaya cak: 2016, 2019, 2021, 2024 da Microsoft 365 duk 16 ne. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Biyu masu lamba ɗaya ba sa zama tare, don gurbi ɗaya suke nema a dosiye da kuma cikin rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta. Ke nan 2010 da 2021 za su zauna, 2013 na tsarin MSI (za mu zo kansa) da Microsoft 365 za su zauna, amma 2019 da 2021 ba za su zauna ba, haka 2016 da Microsoft 365. Wanda dole sai irin waɗannan biyun, ya tsallaka ƙasa inda na yi maganar kwamfuta cikin kwamfuta.

Na biyu, mai bit 32 ne ko mai bit 64. Ba na Windows nake nufi ba, na Office ɗin kansa. Doka ce marar sassauci: duka biyun su zama 32, ko duka su zama 64. Office 2007 da na gabaninsa 32 kaɗai gare su, sai a 2010 aka fara fitar da na 64. Saboda haka in tsohonka 2007 ne, sabon ma dole ya zama 32, ko da Windows ɗinka 64 ce. Babu wata asara a nan ga mai buga takardu. Na 64 yana nuna amfaninsa ne ga masu jadawalin da ya kai dubban ɗaruruwan layuka. Don ka gani: a 2013 zuwa sama, Fichier, Compte, À propos de Word, lambar na layin sama. A 2010, Fichier sannan Aide.

Na uku, hanyar da aka girka shi. Tsofaffin suna zuwa ne da tsarin MSI, wanda ke tambayarka abin da kake so kafin ya fara. Sababbin suna zuwa da Click-to-Run, wanda ba ya tambaya, yana saukowa ne kawai ya zauna. Daga 2019 zuwa yau duk Click-to-Run ne. 2013 da 2016 kuwa akwai su ta hanyoyin biyu. In a shafin Compte ka ga maɓallin Options de mise à jour, to Click-to-Run ne.

Ka kuma duba Windows. Office 2019 da 2021 ba sa hawa Windows 7 ko 8, sai 10 zuwa sama. Kwamfutocin gwanjo da yawa da ke shigowa garin nan har yanzu da Windows 7 suke zuwa.

Mataki na biyu: kwashe abin da ba ka son rasawa

Fayilolin mutane dai ka san sai an kwafe su a kile ko wani faifai na waje. Abin da ake mantawa su ne na ɓoye. Latsa maɓallin Windows da R tare, rubuta %appdata%\Microsoft, ka shiga. Cikin Templates akwai Normal.dotm, inda Word ke ajiye saitin da ka saba da shi: girman harafi, faɗin gefen takarda, gajerun hanyoyinka. Cikin Excel, XLSTART, akwai PERSONAL.XLSB in kana da macro. Kwafe su duka. Dalili shi ne daga 2007 zuwa yau duk zubin Word wannan Normal.dotm ɗin guda suke rabawa, don haka abin da ɗaya ya sauya zai bayyana a ɗayan. Mai amfani da Outlook, manhajar imel, ya nemo fayilinsa mai ƙarewa da .pst ya ajiye.

Ka tabbata makullin lasisin kowane ɗaya na hannunka a rubuce. Sannan ka rubuta Créer un point de restauration a wurin bincike na Windows, ka yi wa injin alamar da za ka iya komawa gare ta in abu ya lalace.

Sai maganar wuta. Girka Office da aka katse a tsakiya ya fi wanda ba a fara ba wahalar gyara, don yakan bar rabin fayiloli da ba sa buɗuwa kuma ba sa goguwa. Kwamfutar hannu a cika mata batir. Ta tebur kuwa, in ba ta da akwatin batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, a bari sai lokacin da aka fi samun wutar ta zauna, ko a yi aikin da janareto a kunne. A watannin zafi na Afrilu da Mayu wannan ba ƙaramar shawara ba ce.

Mataki na uku: tsoho ne ke fara shiga

Kamar gidan aure ne, uwargida ta riga ta zauna kafin a kawo amarya. In aka juya tsarin, gidan ba ya zama lafiya. Dalilin a fili yake. Sabon an ƙera shi ya san da tsofaffi a duniya, yana iya kauce musu. Tsohon bai san wani zai zo bayansa ba, in ya shigo daga baya sai ya rubuta saitinsa a kan na sabon ya ƙwace komai.

In sabon ne ke kan injin yanzu, babu gajeriyar hanya: cire shi, sake kunna kwamfuta, girka tsohon, sannan ka dawo da sabon.

Wajen girka tsohon kada ka latsa Installer maintenant. Zaɓi Personnaliser, ko Customize in na Ingilishi ne, ka ɗauki abin da kake buƙata kaɗai. In Publisher da Picture Manager ne suka sa kake wannan wahala, su kaɗai za ka bari, sauran ka sa musu Non disponible. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace rage rigima: in babu Word biyu a injin, babu faɗan Word biyu. Picture Manager yana ƙarƙashin Outils Office.

Outlook kuwa ko kana so ko ba ka so, ɗaya ake amfani da shi. Cire shi daga tsohon tun yanzu.

Da ya gama, sa masa kunshin gyaransa na ƙarshe: SP3 ga 2007, SP2 ga 2010, SP1 ga 2013. Buɗe kowace manhaja sau ɗaya, shigar da lasisi, rufe, sake kunna kwamfuta. Kada ka bar wannan sai bayan sabon ya shigo, don kowane gyara da aka yi wa tsohon daga baya yana iya sa ya sake ƙwace fayiloli.

Mataki na huɗu: shigo da sabo ba tare da ya kori tsoho ba

In sabon na MSI ne, misali 2013 ko 2016 na ofisoshi, allon farko zai ba ka Mettre à niveau da Personnaliser. Na farkon share tsohon yake yi. Shiga na biyun, a shafin Mise à niveau ka zaɓi Conserver toutes les versions précédentes. Layi ɗaya ne, amma shi ne dukan aikin.

In Microsoft 365 ne ko Office 2021 na gida da ake saukewa daga asusunka na Microsoft, ba zai tambaye ka komai ba. A al'adarsa na 64 yake girkawa, sai in ya tarar da Office na 32 a injin, sai ya bi sahunsa. Ni dai na fi son in zaɓa da hannuna: a shafin saukewa akwai wurin sauya harshe da zubi, a ɗauki 32 a fili.

Ga wanda ke kula da kwamfutoci da yawa, kamar na cibiyar koyarwa, akwai Office Deployment Tool, kyauta daga Microsoft. Ana rubuta ɗan fayilin saiti, a yi setup.exe /download sau ɗaya a inda intanet ke da ƙarfi, a kwashe a kile, sannan a bi kowane inji da setup.exe /configure ba tare da an sake ƙona forfe ba. Office ɗin ya kai giga da dama, wanda ya taɓa saukewa da wayarsa ya san zafin abin. A cikin fayilin saitin wurare uku za ka duba. OfficeClientEdition ya zama 32 in tsohonka 32 ne. Harshe ya zama fr-fr ko en-us. Sai kuma layin da ake kira RemoveMSI: aikinsa shi ne ya share duk tsohon Office na MSI da ya samu, kuma shafin Microsoft da ke taya mutum tsara wannan fayil yakan saka shi da kansa. In ka gan shi, goge layin gaba ɗaya kafin ka fara.

Mataki na biyar: wa ke buɗe fayil in an latsa sau biyu?

Nan ne ainihin zaman yake. Windows manhaja ɗaya take ba kowane irin fayil, kuma wanda aka girka ko aka gyara a ƙarshe shi ke ɗauka. Tunda sabon ne ya shigo a ƙarshe, shi ke da .docx da .xlsx, haka kuma ya kamata.

Matsalar Word 2007 da 2010 ita ce ba sa haƙura. Duk lokacin da ka buɗe tsohon bayan ka yi aiki da sabon, sai ya fito da allon Configuration en cours, ya tsayar da kai mintuna yana sake rubuta sunansa a rajista, ga mutum tsaye a kanka yana jiran takardarsa. Ana kashe wannan hali da umarni ɗaya. Rufe Word, latsa Windows da R, ka rubuta wannan daidai yadda yake, ga 2010:

reg add HKCU\Software\Microsoft\Office\14.0\Word\Options /v NoReReg /t REG_DWORD /d 1

Ga 2007 ka mayar da 14.0 ya zama 12.0; ga 2013 na MSI, 15.0. Saitin na mai asusun da ya shiga ne kaɗai, don haka in yaran shago suna da nasu asusun a Windows, sai an yi wa kowanne. Rajista ba wurin gwaje-gwaje ba ce. Rubuta abin da ke sama, ka fita.

In ka tarar tsohon ya riga ya ƙwace fayiloli, je Panneau de configuration, Programmes et fonctionnalités, zaɓi sabon Office, Modifier, sannan Réparation rapide. Wannan ba ya cin intanet. Réparation en ligne kuwa sake sauke komai yake yi, a bar shi sai ta ɓaci.

To yaya za a buɗe fayil da tsohon in an so? Ouvrir avec ba abin dogaro ba ne, saboda duka biyun sunansu WINWORD.EXE, Windows takan rikice ta kira wanda ta saba. Yi wa kowanne gajeriyar hanya a fuskar kwamfuta. Na 2010 mai 32 a kan Windows 64 yana C:\Program Files (x86)\Microsoft Office\Office14, na 2007 yana Office12, sabon na Click-to-Run kuma yana root\Office16 a ƙarƙashin dosiyen Microsoft Office. Sa musu suna da kowa zai gane, Word TSOHO da Word SABO. Mai son tsohon ya fara buɗe shi, sannan daga cikinsa ya yi Fichier, Ouvrir. Kuma a rufe ɗaya kafin a buɗe ɗayan. In Word na kunne, fayilin da aka latsa yakan faɗa cikin wanda ke kunnen ne, ko wanne ne.

Wani abin lura ga kundin ɗalibai. In ka buɗe tsohuwar takarda a sabon Word ka ga Mode de compatibilité a sama, kada ka latsa Convertir don kawai ka ga ya fi kyau. Juyawar tana iya gusar da layuka, teburin abubuwan ciki ya daina dacewa da shafuka, ɗalibi ya dawo gobe yana cewa, Malam, shafi tamanin na kawo, ya aka yi ya zama tamanin da uku? Haka nan Microsoft 365 ya sauya harafinsa na asali daga Calibri zuwa Aptos. Takardar da aka rubuta da Aptos in ta je injin da ba shi da shi, wani harafin ake musanya mata, tsarin ya motsa.

Tsohon ba na baƙin fayiloli ba ne

Microsoft ta daina toshe ramukan tsaro na Office 2007 tun Oktoban 2017, na 2010 a Oktoban 2020, na 2013 a Afrilun 2023, na 2016 da 2019 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025. Shagon buga takardu shi ne mahaɗar kile na duk unguwa, kowanne da irin cutar da ya kwaso. Word 2007 ba shi ma da Mode protégé, yanayin da ke buɗe baƙon fayil a killace, a 2010 aka fara shi. Saboda haka ƙa'idar shago ta zama: duk fayilin da ya zo daga waje, ta kile ko ta WhatsApp, sabon ne ke fara buɗe shi. Tsohon na aikin da aka ajiye shi dominsa ne kaɗai. Kuma wannan duka a kan Office mai lasisi nake magana. Waɗanda aka fasa, da ƴan manhajojin da ke kunna su, sukan taɓa saitin lasisin injin gaba ɗaya, su lalata har na halal ɗin da ke gefe, ban da abin da suke shigowa da shi a ɓoye.

In biyun sun ƙi zama: kwamfuta cikin kwamfuta

Ga mai son 2016 da 2021 tare, ko mai 2007 da dole sabonsa ya zama 64, hanya ita ce VirtualBox na kamfanin Oracle, kyauta ne. Yana ƙirƙiro wata kwamfutar a cikin taga, ka girka mata Windows nata da Office nata, ba ruwanta da na waje. Ka haɗa su da dosiye ɗaya na tarayya don miƙa fayiloli, ka kuma yanke wa ta cikin intanet in tsohon Office ne a ciki. Sharaɗinta RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta: ƙasa da giga 8 wahala ce kawai, kuma Windows ta cikin ita ma tana son lasisinta. Tsohuwar kwamfutar hannu da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka za ta yi zafi sosai a wannan aiki, a hure ta tukuna.

LibreOffice kuwa sauƙi gare shi

Wannan wani irin Office ne na kyauta, na gidauniyar The Document Foundation, wadda ta ɓalle daga OpenOffice a 2010. Yana zama lafiya kusa da Microsoft Office kowane iri. Wajen girkawa dai ka cire alamar da ke ba shi fayilolin Word, Excel da PowerPoint. Sau da yawa ma shi ke buɗe tsohuwar takardar da sabon Word ya ƙi.

In zubi biyu na LibreOffice ɗin kansa kake so, girkawa ta yau da kullum share na baya take yi. Sai ka girka ɗaya yadda aka saba, na biyun kuma ka zazzage shi kawai a dosiye. Ajiye fayilin .msi a C:\LO, ka buɗe Invite de commandes ka rubuta:

msiexec /a C:\LO\sunanfayil.msi TARGETDIR=C:\LO\nabiyu

Wannan /a ɗin yana fitar da fayilolin ne ba tare da ya rubuta komai a rajista ba. In ya gama, nemi dosiyen program a cikin nabiyu, buɗe bootstrap.ini da Bloc-notes. Layin da ya fara da UserInstallation= ka mayar da shi haka: UserInstallation=$ORIGIN/../Data. In ba ka yi wannan ba, su biyun za su riƙa rubutu a saiti ɗaya suna ɓata wa juna. Ajiye, sannan ka yi wa soffice.exe gajeriyar hanya. Ranar da ka gaji da shi, goge dosiyen kawai.

Lambobinsa sun sauya salo tun Fabrairun 2024: bayan 7.6 sai aka koma shekara da wata, 24.2, 24.8, haka nan. Masu Windows 7 su lura, daga 25.8 an daina yi musu, sai su tsaya a na baya.

Ranar cire ɗaya

In aikin da ya sa ka ajiye tsohon Microsoft Office ya ƙare, cire shi ta Programmes et fonctionnalités, ba ta goge dosiyensa da hannu ba. Yana fita yakan tafi da wasu saituna da suke rabawa, sai ka ga gumakan fayiloli sun yi fari ko latsawa biyu ba ta buɗe komai. Sake kunna kwamfuta, yi wa wanda ya rage Réparation rapide, sannan ka gwada takardar Word ɗaya, jadawalin Excel ɗaya, ka kuma tura shafi ɗaya zuwa injin bugawa kafin ka buɗe shago.